SANKARAR NONO WADDA BA TA YIN ƘULLUTU: ALAMUN DA AKE GANI A FATA

Jawabin da aka gabatar ga matan zumunta, mazajensu da dattawan ikilisiyoyinmu na yankin Jangebe, Talata Mafara, Bakura da Maradun

 

Kafin mu shiga magana muna roƙon gafara. Yau za mu ambaci sashen jikin mace da ba a saba kiran sunansa a gaban surukai da 'ya'ya ba. Mun san kunya ado ce, kuma da ita aka raine mu. Amma akwai maganar da idan aka rufe ta saboda kunya, rai ne ke tafiya. Saboda haka iyayenmu ku yi mana haƙuri, za mu kira abu da sunansa.

ABIN DA YA KAWO WANNAN MAGANA

Yawancinmu mun sha jin faɗakarwa a rediyo, ko a asibiti wajen awon ciki, cewa mace ta riƙa lalube nononta, idan ta ji ƙullutu ta garzaya asibiti. Wannan koyarwa gaskiya ce, a ci gaba da bin ta. Sai dai ta bar wani giɓi. Mata da yawa sun ɗauka muddin babu ƙullutu, to babu cutar daji. Alhali akwai wani irin ciwon daji na nono da sau da yawa ba ya yin ƙullutu ko kaɗan. A fata yake fitowa, ido ne ke fara ganinsa kafin hannu ya ji wani abu. Kuma ya fi sauran gudu. Abin da wani irin ke yi cikin shekara ɗaya ko biyu, shi yakan yi shi cikin makonni ko 'yan watanni.

Likitoci suna kiransa sankarar nono mai kumburi, a takardar asibiti kuma sukan taƙaita sunan da haruffa uku, IBC. Wasu likitoci biyu ne a birnin New York na Amurka, Lee da Tannenbaum, suka raɗa masa wannan suna a 1924, saboda nonon yakan kumbura ya yi zafi kamar wanda ƙurji zai fito masa.

Ga girman matsalar a dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano sankarar nono a jikin mata miliyan 2.3 a duniya, kuma kimanin 670,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sababbin masu ciwon sun haura 32,000, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000. Ita ce cutar dajin da ta fi kama mata a ƙasarmu. Wannan irin mai kumburi ba shi da yawa a cikinsu. A Amurka yana tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na duk sankarar nono, a ƙasashen arewacin Afirka irin su Tunisiya da Masar kuma an ga ya fi haka yawa. An lura yakan kama mata da ƙuruciyarsu fiye da sauran ire-iren, kuma a Amurka ya fi kama mata baƙar fata. Ke nan ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne, ba kuma ciwon Turawa ba ne.

YADDA CIWON YAKE AIKI

Duk wanda ya taɓa noman rani a filayen Bakolori ya san abin da ke faruwa idan ƙaramar magudana ta toshe da laka da ciyawa. Ruwa ba ya wucewa, sai ya kwanta a fangali, ƙasa ta jiƙe sharkaf. To, a cikin fatar mutum akwai irin waɗannan magudanu, sirara kamar zare, dabam da hanyoyin jini. Aikinsu su kwashe ruwan da ya yi yawa a jiki su kai shi wasu 'yan ƙwayoyi da ke hammata da wuya da matsematsi, waɗanda idan sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito.

A wannan ciwo, ƙwayoyin cutar daji ba sa taruwa wuri guda su dunƙule. Sukan shiga cikin waɗannan magudanu na fatar nono su toshe su. Ruwa ya rasa hanya, sai ya taru, fata ta kumbura ta yi kauri, nono ya yi nauyi ya ɗauki zafi. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin kowace alama da za mu lissafa. Ya kuma gane dalilin da ya sa kafso da man zafi ba sa saukar da kumburin, domin babu mugunya a ciki da za a kashe ko a matse.

ALAMU BAKWAI

Na ɗaya, canjin launi. A nan muna so a natsu sosai. Littattafan likitanci da hotunan faɗakarwa sukan ce nono zai yi ja. An rubuta su ne bisa fatar Bature. A fata irin tamu jan ba ya fitowa fili. Abin da ake gani shi ne wurin ya ƙara duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi kamar an doke shi jini ya kwanta, ko ya yi shuni-shuni, wani lokaci da sheƙi kamar an shafa mai. Mace mai hasken fata tana iya ganin ja sosai, amma baƙa tana iya jiran ja har ciwo ya yi nisa ba ta gan shi ba. Likitoci sukan kula musamman idan canjin ya kai kashi ɗaya cikin uku na nonon, amma kada a jira ya kai haka. A duba da hasken rana, domin fitilar ɗaki da tocilan suna ɓoye launi.

Na biyu, fata kamar ɓawon lemu. Ku tuna yadda bayan lemun zaƙi yake, da ƙananan ramuka birjik. Idan fata ta sha ruwa ta kumbura, ƙofofin gashi ba sa tasowa tare da ita, sai su zama 'yan ramuka. Wani lokaci kuma fatar takan yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, ko ta yi tauri har a kasa tsunkule ta da yatsu biyu. Sau da yawa wannan yakan fara daga ƙasan nono ko kewayen kansa, inda ido ba ya saurin kai wa, sai an ɗaga an duba.

Na uku, nono ɗaya ya ƙara girma da sauri. Mata da yawa dama nononsu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tun suna 'yan mata, wannan ba ciwo ba ne. Abin kula shi ne sabon canji, kamar rigar nonon da ta yi daidai a watan jiya yau ta matse gefe guda, har ta bar shaida a fata.

Na huɗu, zafi da nauyi. A ɗora bayan hannu a kan wannan, a ɗora a kan wancan. Idan ɗaya ya fi ɗumi, ko yana nauyi kamar an cika shi da ruwa, ko yana raɗaɗi, ko ƙaiƙayin da ba ya lafawa, a riƙe wannan.

Na biyar, kan nono. Idan kan da ke tsaye a da ya lotsa ciki, ko ya baje, ko ya karkace, alama ce. Haka ma idan yana fitar da jini ko ruwa alhali ba a shayarwa. Akwai kuma wani irin ciwon daji dabam da ke fara kamar ƙyasbi ko ƙazwa a kan nono, yana saɓa, yana ƙaiƙayi, ana shafa magani ba ya warkewa. Shi ma a kai shi asibiti.

Na shida, kaluluwa a hammata, ko a saman ƙashin da ke gindin wuya, ba tare da wani rauni ko maruru a hannu da zai jawo ta ba.

Na bakwai, saurin abin, da kasancewarsa a gefe ɗaya. Ma'aunin da likitoci suka yarda da shi shi ne alamun sun taso cikin ƙasa da wata 6. Sau da yawa ma cikin makonni ne. Idan mace za ta iya cewa ranar kasuwar Mafara uku da suka wuce nonon nan lafiya yake, yau ga yadda ya koma, wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya asibiti.

Ba dole ne alamun su taru duka ba. Biyu ko uku sun isa. Kuma ganinsu ba ya nufin lallai daji ne, domin yawancin kumburin nono ba daji ba ne. Amma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa, ido ba ya iyawa, ko da idon likita ne.

CIWON DA YAKE KAMA DA SHI

Iyayenmu mata sun san ciwon nono na masu shayarwa. Nono ya cika ya yi tauri, ya yi zafi, mai jego ta yi zazzaɓi da rawar sanyi, wani lokaci ya tara mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, yawanci a makonnin farko bayan haihuwa, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da shi. Da ido, shi da sankara mai kumburi kamar Hassan da Hussaini suke. Wannan kamannin ne ya fi komai ɓata lokaci, a gida da asibiti duka.

Ga abubuwa uku da za su taimaka. Na farko, ciwon masu shayarwa galibi yana zuwa da zazzaɓi, ita kuwa sankara galibi babu zazzaɓi. Na biyu, idan mace ba ta da ciki, ba ta shayarwa, ko ma ta daina al'ada, nononta ya kumbura ya yi zafi, kada a yi saurin cewa ciwon masu jego ne, domin ba ta cikin jego. Na uku, shi ne wanda muke roƙon kowa ya haddace, lissafin kwanaki. Ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka tana ba da shawarar cewa idan an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana 7 zuwa 10 ba a ga sauƙi ba, a wuce zuwa gwajin daji. Ciwon ƙwayoyin cuta yakan fara sauka cikin 'yan kwanaki idan ya sami maganinsa. Wanda ya ƙi sauka bayan kwana 10, kada a sake sayen wani kafso, a nemi gwaji.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a ƙasar nan mace takan yi shekaru ashirin tsakanin ciki da goyo da yaye. Kowane canji a nononta yana da bayani a shirye: ai ciki ne, ai goyo ne, ai yaye ta yi. Gaskiya ne shayarwa tana rage haɗarin sankarar nono, kuma muna ƙarfafa ta. Amma ragewa take yi, ba ta kawar da shi. Mai ciki da mai goyo su ma ciwon yana iya kama su, su ma a ƙirga musu kwana 10.

INDA LOKACI KE SALWANTA

Mu ɗauki misali, ba da wata muke ba, amma kowa a nan zai gane hanyar. Mace ta ga nononta ya canza. Mako biyu tana shiru, tana cewa zai wuce. Mako na uku ta aiki yaro kemis, aka ba ta kafso da man zafi. Mako na biyar ta gaya wa wata babbar mace a gida, aka jiƙa saiwa, aka gasa wurin da ruwan zafi. Mako na bakwai aka kira wanzami ya yi ƙaho ko ya tsaga, ko aka yi sakiya don mugunya ta fita, mugunya ba ta fito ba, sai rauni ya zama gyambo. Daga nan aka fara raɗe-raɗin jifa ne ko sammu. Maigida ya ce a bari kaka ta yi a sayar da amfanin gona. Kafin a kai asibiti wata 4 ko 5 sun wuce. Babu wanda ya nufi mugunta a cikinsu, kowa taimako ya yi niyya. Amma ga ciwon da ke tafiya da makonni, wata 5 tafiya ce mai nisa.

Bari mu taɓa wasu daga cikin abubuwan da ake faɗi. Ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Mun san inda wannan magana ta samo tushe. Mutane sun ga an kai mace asibiti, an yi mata allura, bayan 'yan makonni ta rasu. Abin da ba a lissafa ba shi ne watannin da ta yi a gida kafin a kai ta. Ciwon ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi tun kafin allura ta taɓa ta. Ɗibar ɗan guntun fata don gwaji ba ya baza cutar daji. Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro shi ne askar da ba a dafa ba da kibiyar sakiya, waɗanda ke buɗe rauni a fatar da dama ba ta da ƙarfin warkewa.

Ana kuma cewa ciwon yana yaɗuwa, har a ware wa mai shi kwano da tabarma. Cutar daji ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko ta abinci, ko ta taɓawa, ko ta zaman aure. Kuma ba hukunci ba ne a kan wani laifi da ta yi, ba aikin kishiya ko maƙwabciya ba ne. Gidaje da dama sun watse saboda irin wannan zargi, ciwon kuma yana nan yana cin jiki.

Sai maganar addu'a, wadda ta shafe mu masu hidima kai tsaye. Za mu yi wa mara lafiya addu'a, kuma ba za mu fasa ba. Amma duk mai hidimar da aka kawo masa mace da irin waɗannan alamu, ya yi addu'a a ranar, ya kuma tabbatar an kama hanyar asibiti a makon. Kada wani ya sa mata azumin kwana arba'in kafin ta ga likita, kada wani ya ce ta zubar da magani don ta nuna bangaskiya. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Wanda ya ba mu bakin roƙo shi ya ba likita sanin magani.

'Yan matanmu kuma, ku kula da man bilicin da sauran mayukan da ake saye don kashe ƙaiƙayi. Wasu suna ɗan kwantar da alamar a ido na 'yan kwanaki, ciwon kuwa yana ci gaba a ƙarƙashi.

ABIN DA ZA A TARAR A ASIBITI

Tsoron abin da ba a sani ba yana hana mutane tafiya, don haka bari mu bayyana. Likita zai duba nonon biyu da hammata, ya tambayi ranar da abin ya fara. Mace tana da ikon neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita, ko 'yar'uwarta ta shiga da ita. Za a iya yin sikanin, ko hoton nono da ake kira mamogiram. A riƙe wannan da kyau: tun da ciwon ba ya dunƙulewa, hoto yana iya kasa nuna ƙari. Idan an ce hoto bai nuna komai ba amma fata tana nan yadda take, magana ba ta ƙare ba. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne a kashe wurin da allura, a ɗebi ɗan guntun fata da tsokar ciki a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Sakamako yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. A bar lambar waya, a kuma koma a karɓa, kada a zauna jiran kira.

Idan an tabbatar, ba a fara da tiyata. Ana fara ba da maganin daji ta jijiya, wanda ake kira kemo, zagaye-zagaye har tsawon wata 4 zuwa 6, domin ciwon ya ja baya. Sannan a yi tiyata a cire nonon da ƙwayoyin hammata. Bayan haka a yi gashi da na'ura. Wasu matan, gwargwadon abin da gwaji ya nuna, ana ƙara musu wata allura mai suna tirastuzumab, wasu kuma ƙwayar tamoksifen ta shekara 5 ko fiye. Kemo yana zubar da gashin kai, yana kawo tashin zuciya da kasala. Gashi yana sake tsirowa bayan an gama. Mai goyo za ta dakatar da shayarwa lokacin kemo. Babban haɗari shi ne, bayan zagaye biyu ko uku kumburi ya sauka, sai a ce an warke a daina zuwa. Saukar kumburi alama ce magani yana aiki, a ƙarasa shi har ƙarshe.

Ba za mu ɓoye muku nauyin ciwon ba. Saboda ya riga ya kama fata, da an gano shi a mataki na 3 ake lissafa shi, idan ya kai wasu gaɓoɓi kuma mataki na 4. A zamanin da tiyata kaɗai ake yi, da ƙyar mata 5 cikin 100 suke kai shekara 5. Tun da aka fara haɗa kemo da tiyata da gashi a shekarun 1970 abin ya canza. Alƙaluman Amurka sun nuna fiye da rabin waɗanda aka gano kafin ya bazu nesa suna kai shekara 5, amma idan ya bazu, kimanin 2 ne cikin 10. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun, sau da yawa, ita ce makonnin nan da muka lissafa a gida.

INA ZA A JE?

A fara da asibiti mafi kusa, ko ƙaramin asibitin gari ko babban asibitin Talata Mafara, a nemi takardar turawa. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda ake samun likitocin tiyata. Mafara tana kusan rabin hanya tsakanin Gusau da Sakkwato, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da sashen masu ciwon daji da gashi. Haka ma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. A 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kafin a yi doguwar tafiya don gashi, a tambaya ta waya ko na'ura tana aiki da kuma ranar da ake ganin likita.

Game da kuɗi, a 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar nono, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitin Shika yana cikin asibitoci 6 da aka fara da su. A nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya a duk asibitin da aka je, a tambayi yadda ake shiga.

Idan an shiga wurin likita, a faɗi abu uku dalla-dalla: ranar da canjin ya fara, magungunan da aka sha da yawan kwanakin, har da na gargajiya ba tare da ɓoyewa ba, sannan a ce, muna roƙo a duba ko sankara mai kumburi ce. Wannan ba rashin ladabi ba ne. Ciwon ba shi da yawa, ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya shekaru bai gamu da shi ba, tambayar za ta taimake shi. A tafi da kwalayen magani da duk takardu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni cewa daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa ranar da aka tabbatar da ciwon kada ya wuce kwana 60. Ga wannan irin, ko rabin haka ya yi yawa.

AIKIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Iyayenmu mata da 'yan'uwa mata, sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, ku tsaya da hasken rana ku dubi nonon biyu, hannu a ƙasa, sannan hannu a sama, ku ɗaga ku dubi ƙarƙashi, sannan ku lalube har hammata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda, kamar ranar farko ta wata. Wadda ba ta da madubi ta nemi 'yar'uwar da ta amince da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wadda ta san jikinta ita ce ke fara gane canji.

Maza, sau da yawa ku ne na biyu da za ku gani, kuma a hannunku izini da kuɗin mota suke. Akuyar da za a sayar a wata na biyar, a sayar da ita a mako na biyu, ta fi amfani. Mata da yawa suna ɓoye ciwo ne don tsoron kada a cire nono miji ya juya musu baya. Ku cire mata wannan tsoro da bakinku tun kafin ta tambaya. Ku kuma sani namiji ma yana iya kamuwa da sankarar nono, ko da yake bai kai 1 cikin 100 na masu ciwon ba sai da ƙyar.

Shugabannin zumunta, a kowace ikilisiya ku zaɓi mata biyu masu riƙon asiri, waɗanda mace za ta iya zuwa wurinsu a ɓoye, su kuma raka ta asibiti. Ku nemi 'ya'yanmu nas-nas da ungozomomi su riƙa koya wa mata wannan dubawa a taronku, inda babu maza.

Dattawa, mun san halin hanyoyinmu. Tun kafin ranar 26 ga Fabrairu 2021, da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar 'yan mata ta nan Jangebe, tafiya ta zama abin da ake yi da lissafi. Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. A ware wani abu daga baiko don kuɗin motar marasa lafiya, a san direban da za a kira, a yi tafiya da rana, a kuma ƙulla zumunci da ikilisiyoyin Gusau, Sakkwato da Zariya don a sami masauki, domin magani na watanni ne. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, kada wannan sani ya tsaya a cikin majami'a. Ciwo ba ya tambayar addinin mutum. Maƙwabciyarki da kuke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, abokiyar cinikinki a kasuwa, ku gaya musu: duhun fata, ɓawon lemu, kumburin gefe ɗaya, da kwana 10.

 Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.